Kashi na Uku

Ƙanwata ta ƙare shekarun aikinta tana sa 'ya'yan mutane su tsaya da ƙafa ɗaya. A gida Auta muke ce mata, don ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu. A makarantar firamaren da ta yi aiki kuwa, daga hedimasta har mai gadi Mai Gwangwani suke kiranta, saboda wani tsohon gwangwanin madara da ba ta rabuwa da shi. Sauran watannin shekara tana taya malaman ƙananan azuzuwa, amma in lokacin ɗaukar sababbin yara ya zo, ita ce ƙofa. Duk yaron da zai shiga aji ɗaya sai ya bi ta gabanta, ta duba ko ya isa karatu, ko a mai da shi gida sai baɗi.

Gajeriya ce, ba ta da fara'a, ba ta kuma ɗaga murya. Yara ba sa tsoronta. Iyaye ne ke tsoronta.

A cikin gwangwanin akwai guntun alli, da ƙwallon roba, da almakashi mai dakusasshen baki, sai maɓallai kala-kala da ta ciccire daga tsofaffin riguna. Yadda take aikin bai taɓa sauyawa ba. Yaro zai tuɓe takalmi a bakin ƙofa daga ciki, kusa da nata, uwarsa ta tsaya a baranda. Wannan ma gwaji ne, a ga ko zai iya sakin zanen uwa. Sai su zauna a tabarma su biyu. Ta tambaye shi wa ya kawo shi. Ta sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya, ta jefa masa ƙwallo ya cafe, ya zana mata da'ira a ƙaramin allo, sannan ya zana mutum. In ya zana kai da ƙafafu kawai ba ciki, ba ta damuwa, takan ce haka yawancinsu ke ganinmu. Ta ba shi saƙo biyu a haɗe, ɗauko allin can ka sa a murfin gwangwani sannan ka tura ƙofa, ta ga ko zai riƙe na biyun. Ta tambaye shi in fitsari ya matsa shi a aji me zai yi. Iyayen da ke zuwa suna alfahari ɗansu ya iya ƙirge har ɗari ba ta ko kallonsu. Ta ce wannan waƙa ce, kuma ba waƙa ta tambaya ba.

Na ƙarshe shi ne rabo. Za ta juye maɓallan a tsakiyar tabarma ta ce, “Raba wa mutanen ɗakin nan, kada ka cuci kowa.” Yaron da ya isa zai duba ya ga su biyu ne, ya yi ta sakawa ɗaya nan ɗaya can har su ƙare. A wajenta, wanda ya iya wannan ya san abin da lamba ke nufi, ya kuma san akwai wani mutum a duniya ban da shi, don haka zai iya zaman benci da wasu. Yaro zai iya faɗuwa a ƙwallo ko a zane ta kau da kai. A rabo ba ta kau da kai. Kashi biyu ko gida.

'Ya ɗaya Allah ya ba ta. Doguwa ce siririya, tana iya tsayawa da ƙafa ɗaya har mai kallo ya gaji, shi ya sa ubanta ya laƙaba mata Balbela. Da shekarar shigarta makaranta ta zo, ya sayo mata baƙin takalmi mai maɗauri, ya sayo da girma don ya daɗe mata. Na ce wa Auta ta bar yarinyar ta wuce kawai, wa zai tambaye ta? Ta ce 'ya'yan wasu sun zauna a tabarmar, tata ma za ta zauna.

Ni na kai ta ranar, na tsaya a bakin taga ina kallo. Balbela ta yi komai yadda ake so. Da aka zo rabo, sai ta sa hannu biyu ta tattara maɓallan duka ta tura su gaban uwarta.

“Umma, duk naki ne.”

“Na ce ki raba wa mutanen ɗakin nan.”

Auta ta mayar da su tsakiya. Yarinyar ta sake turo su, tana murmushi, ta zaci wasa ne. Aka sake mayarwa, ta sake turowa, wannan karon idonta ya kawo ruwa.

“Sai baɗi,” in ji Auta, da muryar da take faɗa wa kowa.

Na zage ta a barandar nan gaban mutane, ba sai na maimaita abin da na ce ba. Na goya yarinyar na tafi da ita gida ba takalmi. Auta ta ɗauki takalmin ta ɗora a kan kabad ɗin ɗakin, ta ce dama ya yi mata yawa, baɗi zai zauna daidai.

Ana cikin zangon farko, wata safiya, daidai lokacin da sa'o'inta ke aji suna rera haruffa, Balbela na gidan maƙwabciyar da ake barinta a wajenta. Ta kifa bokiti ta hau don ta ɗebi ruwa a duro. Duron bai cika ba, ta zura kai don ta kai ga ruwan. Ƙafafunta aka fara gani.

Babu wanda ya ce wa Auta komai, ba a ma buƙata. Mijinta bai ce komai ba shi ma. Shekara na zagayowa ya tattara kayan gyaran rediyonsa ya koma wani gari, bai dawo ba. Mutane sun zaci abin zai sa ta yi laushi, sai ta ƙara tsauri. Ni na gane dalili. In ta ɗaga wa ɗan wani ƙafa a kan maɓallan nan ko sau ɗaya, ta nuna ana iya ɗagawa ke nan. In kuwa ana iya ɗagawa, da 'yarta na aji a safiyar nan. Abu ɗaya ta roƙa, a sauya mata ɗaki. Aka sauya, tsohon ɗakin ya zama ma'ajiyar karyayyun bencina, aka sa masa kwaɗo.

Shekaru suka ja. Na yi ritaya daga ofishin da nake buga keken rubutu, zaman gida ya ishe ni, sai na riƙa zuwa ina taya ta a makon ɗaukar yara. Aikina ba wuya. In zauna a benci a baranda, in wani ya fito in ce, “Mai bi ya shigo,” in kuma hana uwaye leƙe.

Shekarar da aka kusa raba ta da gwangwanin, makarantar ta cika har azuzuwa suka yi kaɗan. Sabon hedimasta ya karɓi ɗakinta ya mai da shi aji, ya sa aka buɗe tsohuwar ma'ajiya aka kwashe bencinan, aka shafe bango, aka ce ta koma can. Bai san tarihin ɗakin ba, ita kuma ba ta gaya masa ba. Ɗaki ne ƙarami mai taga ɗaya, ƙasansa siminti ne da ya tsattsage. Kabad ɗin na nan inda yake. Masu shara suka samu takalmin a samansa cikin ƙura da saƙar gizo-gizo, fatar ta bushe ta lanƙwashe. Auta ta karɓa ta goge, ta shafa masa mai. Ranar farko da na shiga na tarar da shi a bakin ƙofa, a jere kusa da nata.

“Auta, me wannan ke yi a nan?”

“Takalmi ne, Yaya. Bakin ƙofa ake ajiye takalmi.”

Wanda ya fara shiga ɗan wani bakanike ne, yaro mai natsuwa, farcensa duk baƙin mai. Ina kallo ta taga. Ya yi komai tiryan-tiryan. Da ta juye maɓallai, ya ɗaga kai ya duba ɗakin a hankali, sannan ya fara rabo. Ɗaya gabanta, ɗaya gabansa, ɗaya a gefen tabarma ta wajen ƙofa, inda ba kowa. Haka ya yi ta zagayawa har suka ƙare, kashi uku, babu wanda ya fi wani.

“Mu nawa ne a ɗakin nan?” in ji Auta.

Ya kalle ta kamar ita ce ba ta isa makaranta ba, ya ɗaga yatsu uku.

“Sai baɗi.”

Uban bai tafi da daɗi ba. Ya tsaya a baranda yana goge hannu a wando. “Malama, yaron nan da lamba nake aikensa sifana, bai taɓa kawo min wata ba. In ya ce uku ne, ni dai da na waiga.”

“To ka waiga a garejinka,” ta ce. “Yaya, mai bi.”

Da a kansa abin ya tsaya, da ban tuna da shi ba. Amma ta bayansa ma uku ta yi. Ba duka yaran ba, kuma wannan ne ya fi tsaya min a rai. Masu gaggawa, waɗanda ba sa ɗaga kai, kashi biyu suke yi su wuce. Masu natsuwa, irin waɗanda ta saba yabo da ido, su ne ke duba ɗaki su yi uku, kuma na ukun kullum wuri ɗaya ake ajiye shi. Na zaci a baranda suke koya wa juna. Na kasa kunne, ban ji komai ba sai faɗa a kan wa ya fi tsawo. Wanda ya fito ma ba ya tsayawa, uwarsa ke jan hannunsa tana masifa har bakin get.

Akwai kuma damshin. Kowace safiya in aka buɗe ɗakin, sai a ga siminti ya jiƙe a gefen takalmin, ɗan wuri kaɗan, bai fi tafin hannu ba. Mai shara ta ce rufi ke yoyo. Ba a yi ruwa ba a watan. Na duƙa na duba da kyau sau ɗaya. Kamar sawun ƙafa, gaba ya fi baya faɗi, kuma guda ɗaya ne, ba biyu ba. Ban sake duƙawa ba.

Kafin tsakiyar mako iyaye sun cika ofishin hedimasta. Ya taso da kansa ya zo, ya tsaya a ƙofa, ya tuɓe takalmi ba wanda ya ce masa. Yaro ne a wajenmu, shi ma a tabarmarta ya zauna yana ƙarami.

“Mama, ku yi haƙuri, ba raini ba ne. Yaran da kuka mayar sun fi waɗanda kuka ɗauka yawa.”

“Ba ni na haife su ba.”

“Har da ɗan malamar aji huɗu. Tun safe take min kuka a ofis.”

“Uku ya yi.”

Ya shafa kai. “Mama, ba zan buɗe aji ɗaya da bencina wayam ba. Na ba ku daga yau zuwa ƙarshen mako. Ko ku dawo da yaran nan, ko in soke gwajin gaba ɗaya, duk wanda shekarunsa suka kai ya wuce. Ku kuma ku je ku huta, kun yi mana aiki.”

“Kai ma da ka zo sai da ka jiƙa min tabarma.”

“Na sani, Mama. Kun gaya wa matata ma. Amma ai na raba daidai.”

“Ka raba,” ta ce. “Biyu.”

Bai yi ƙarya ba, bai kuma yi rashin kunya ba. Da ni ce a kujerarsa abin da zan faɗa ke nan. Ita kuma ba ta da komai a duniya sai ɗakin nan da gwangwanin nan. In aka karɓe su, abin da ya rage mata ɗaki ɗaya ne a bayan gidana da bango huɗu. Amma na san ba za ta dawo da yaro ko ɗaya ba, na kuma san dalili.

A hanyar gida na gaya mata abin da na lura da shi. “Ke 'yar nan, buɗe idonki. Yaran nan takalma suke ƙirgawa. Ga naki, ga nasu, ga wancan. Yaro mai hankali ya ga takalmi uku, ai mutum uku zai ce. Masu wayon kike kora.”

Ta tsaya ta sayi sabulu, muka ci gaba da tafiya.

Washegari na riga ta shiga ɗakin, na ɗauke takalmin na cusa a jakata. Ta shigo, ta kalli wurin, ta kalle ni, ta shimfiɗa tabarmarta. Wadda ta fara shiga 'yar wata mai sayar da burodi ce, ba ta taɓa taka makarantar ba sai ranar. Takalmi biyu ne a bakin ƙofa, na tabbatar da idona. Aka zo rabo, ta duba ɗaki, ta yi kashi uku. Sannan ta ƙura wa bakin ƙofa ido, ta ɓata fuska.

“Malama, an ɗauke mata takalmi.”

“Wa?”

Yarinyar ta nuna da haɓa. “Ita. Yaya za ta koma gida?”

Ni ba mai ganin abubuwa ba ce, kuma na wuce shekarun da inuwa za ta firgita ni. Amma jakar na kan cinyata, sai na ji ba na son ta a can. Ana fita hutun tara na mayar da takalmin inda na ɗauko shi. Ni da Auta ba mu yi maganar ba.

Ranar ƙarshe ita ce ranar jikata, 'yar ɗana na fari. Aku muke ce mata, bakinta ba ya hutawa ko tana cin abinci. Na ajiye ta ƙarshen layi da gangan. Tun a gida na zaunar da ita na yi mata kashedi, kuma ban ga laifina ba.

“In ta juye maɓallai, kashi biyu za ki yi. Naki da nata. Ko mutum ɗari kika gani, biyu. Kin ji?”

“Na ji, tsohuwa. Ke kin ci gwajin da kina ƙarama?”

“A zamaninmu ba a gwada mu.”

“Shi ya sa,” ta ce.

Rana ta kusa tsaka da aka zo kanta. Baranda ta watse, 'yan manyan azuzuwa suna ciki, filin makaranta ba kowa sai mai gadi can nesa a inuwar get. Aku ta shiga ta tuɓe takalmi, ta gaida Auta da Malama kamar yadda na koya mata. Ta tsaya da ƙafa ɗaya tana surutu, ta cafe ƙwallo tana surutu, ta zana mutum har da 'yan kunne. Aka juye maɓallai. Ta yi kashi biyu, tsaf, ɗaya nan ɗaya can. Na sauke numfashi.

Sai ta yi shiru. Ban taɓa jin yarinyar nan ta yi shiru haka ba. Ta kalli bakin ƙofa, ta kalli taga inda nake, ta sake kallon bakin ƙofa. Ta sa hannu a nata kashin, ta raba shi biyu, ta tura rabi gefen tabarma.

“Kaka ta ce biyu,” ta ce. “Amma ke kin ce kada a cuci kowa.”

Na jira in ji sai baɗi. Auta ta daɗe tana kallon kashin na uku. Duk makon nan tambaya ɗaya take yi, mu nawa ne. Wannan karon ta yi wata.

“Na waye wannan?”

“Na wadda ke bakin ƙofa.”

“Me take yi a can?”

“Tana tsaye da ƙafa ɗaya. Tun da na shigo ba ta sauke ba. Ta fi ni iyawa.”

“Me take so?”

Aku ta kalle ta da mamaki. “Layi take bi mana. Kowa ana kiransa, ita ba a kiranta.” Ta gyara zama. “Malama, na ci?”

“Je ki jira a waje.”

Aku ta fito ta zauna kusa da ni tana kaɗa ƙafa. Na ji Auta tana tattara maɓallan, tana zuba su a gwangwani, tana goge allon. Sannan ta zo ƙofa ta tsaya.

“Yaya, kira mai bi.”

“Babu kowa, Auta. Aku ce ta ƙarshe.”

“Aikinki ke nan. Kira.”

Na kalli barandar. Benci ne, da bango, da hasken rana a kan siminti. Na ce, “Mai bi ya shigo.” Muryata ta fita ta dawo min.

“Da sunanta.”

Na yi shekaru ban furta sunan nan ba, ba kuma wanda ya furta shi a gabana. Na yi gyaran murya. Na ce, “Balbela. Shigo, an zo kanki.”

Aku ta janye ƙafafunta ƙarƙashin benci, kamar yadda ake yi in wani zai wuce. Auta ta matsa gefe, ta ɗan jira, ta tura ƙofa.

Ban je taga ba. Duk makon a taga nake, amma ranar na zauna inda nake, na riƙe hannun jikata. Abin da na ji shi zan faɗa. Muryar Auta ce, irin wadda take yi wa kowane yaro, ba taushi ba faɗa.

“Wa ya kawo ki?” Shiru. “Yauwa.” Shiru. “Sauke ƙafar haka nan, na gani. Ya isa.”

Na ji ƙwallo ya bugi ƙasa sau ɗaya. Na jira in ji ya gangara ya bugi bango ko kabad, ban ji ba. Na ji alli a kan allo, a hankali, ana zagayawa. Sai ƙarar murfin gwangwani, sai maɓallai suka zube.

“Raba wa mutanen ɗakin nan, kada ki cuci kowa.”

Na san ƙarar rabo, na sha jin ta, ɗaya nan, ɗaya can. Ba ita na ji ba. Abin da na ji shi ne maɓallai ana turo su gaba ɗaya a kan tabarma, sau ɗaya, a hankali. Na taɓa jin wannan ma, a ɗakin nan, ina tsaye a tagar nan. Hannun wa ya tura, ban gani ba, ban kuma tambaya ba har Auta ta mutu.

Aka daɗe ba motsi. Na jira in ji an mayar da su tsakiya.

“Na karɓa,” in ji Auta. “Na gode. Wuce aji ɗaya.”

Da ta buɗe ƙofa na leƙa. Kashi ɗaya ne a tabarma, a wurin zamanta. Ta fito da takalmin a hannu, ta bi baranda har aji ɗaya, ta ajiye shi daga ciki, ƙarƙashin bencin da ke kusa da ƙofa. Daga nan ta wuce ofishin hedimasta, ni da Aku muna biye. Ba ta zauna ba.

“Ka aika a dawo da yaran.”

“Wanne daga ciki, Mama?”

“Duk wanda ya yi uku. Sun ƙirga daidai.”

Ya kalle ta, ya kalle ni. Na kalli bango. Yaro ne mai hankali, bai tambaya ba.

“Ni fa?” in ji Aku.

“Ke ma. Amma ki rage baki.”

Aka dawo da su duka, ɗan bakanike ne ya fara zuwa. Ba a karɓe mata gwangwani ba, ta ci gaba da aiki a ɗakin nan har ƙafafunta suka gaza. Damshin bai sake fitowa ba, ba kuma yaron da ya sake yin kashi uku. Tsaurinta na nan. Yaron da ya kwashe maɓallai duka ya rungume, ko ya watsa su, ko ya cusa a baki, gida yake komawa sai baɗi. Abu ɗaya ya sauya. In rabo ya fita ba yadda take so ba, sai ta tambayi yaron dalili kafin ta yanke.

Zango bai yi nisa ba malamar aji ɗaya ta fara ƙorafi. Ta ce in ta ƙirga alli daidai yawan yara ta ba na bakin benci ya miƙa, kullum sai ɗaya ya rasa, ta je ta tarar da guntu a ƙarshen bencin da ke kusa da ƙofa. Ta ce yaran bencin suna matsewa su bar wurin mutum ɗaya, ta yi faɗa har ta gaji. Na tambayi Aku ko da wa suke zama. Ta ce da 'yan ajinsu mana, ta ci gaba da wani labarin.

Farkon kowace shekara Auta na ɗaukar takalmin da kanta ta kai shi aji na gaba. Shekara ta biyu malamin aji biyu ya kawo ƙorafin alli, bayansa ta aji uku. Daga baya malaman suka saba, suna ƙara guda ɗaya ba tare da magana ba. Da su Aku suka gama aji shida aka sallame su, Auta ta je ɗauko takalmin ba ta same shi ba. Mai gadi ya ce ƙila mai shara ta zubar, mai shara ta ce ba ta taɓa shi ba. Auta ba ta nema ba. Ta ce dama ya daɗe da yi mata kaɗan.

Ta rasu a ɗakin bayan gidana, ba doguwar jinya. Gwangwanin yana wajena, a kan kabad. In maɓallin riga ya cire nakan zura hannu in ɗauki ɗaya. Juyewa dai ba na yi, musamman in akwai yara a ɗakin.